Katin Da Ya Haɗiye Sunayen Gidan Ɗangoma

"Ni ba turare nike so ba, Malam Baƙo, atamfa kuwa ta ishe ni," in ji Hajiya Yalwa. "Muryar ubana nike so. Ka kawo mini ita in riƙa saurare, ni ko in ba ka izini ka aiko mutanenka."

"Iyakar sharaɗin ke nan?"

"Shi ke nan. Amma in ka kasa, ka bar zama mini bisa bencin ga kana kore mini masu saye."

Na miƙa hannu yadda na saba a kasuwar shanu, sai na tuna ba a yin haka da Hajiya, na mayar da abina aljihu. Ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafinta, wani ruwan toka mai ɗigon zari, ta ce, "Na sallama." Ni ko na ce, "Na saya."

Ku da kunka shigo yau, bari ku san da wa kuke magana. Sunana Baƙo, dillalin shanu, shekara sittin da biyu. Filinge nike zaune, amma kowace Lahadi a Baleyara ake ganina. Na yi Kumasi, na yi Abijan, na yi dako a Sabha. Lakkol, makarantar boko, shekara biyu na yi na gudu, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan, kuma tun da anka yi sadakar shekara ƴaƴana mata uku sunka tasa ni gaba a salula. Da safe saƙo, da marece saƙo: "Baba, ka yi aure, abincin tasha zai kashe ka." Hajiya Yalwa kuwa tana da shagon kayan ɗinki a bakin kasuwa, zare da maɓalli da leshi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Wata bakwai na yi ina zuwa sayen allura a wurinta, ni da ko maɓalli ban iya ɗinkewa ba.

Ubanta, tsoho Ɗangoma, yana wani ƙauye cikin Kurfai, tafiyar sa'a guda a moto, wato babur. Ya haura tamanin da biyar. Mai goge ne, bisa al'adar kakanninshi yake, bai sauka ba. Shekara goma sha tara da sunka wuce Yalwa ta dawo daga Makka da haƙorin zinariya da zafin zuciya, ta je gaban mutane ta ce mishi ya jefar da gogen. Bai ce mata kome ba. Kuma tun daga ranar bai ƙara ce mata kome ba. Tana aika shinkafa da sukari da magani, a karɓa, ba amsa.

A gidansu akwai abin da suke cewa kiran gida. In an gama kai hatsi rumbu, babban gida ya zauna da goge ya kira mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya fara sare dajin har zuwa masu rai, kowa da sunanshi, kowa da kirarinshi. Wanda ya zauna ya ji, ba ya fitar da shi waje da baki. Bana an ce jikin tsoho ya yi rauni. Yalwa ba ta faɗa mini dalilinta ba, amma shekara arba'in na yi ina kallon idon masu saye. So take ta ji ko har yanzu ana kiran sunanta.

Ni na saba da tsohon, don ni ke sayar mishi da bisashe. Na same shi cikin rumfa yana shan fura da ludayi, na zagaya na zagaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Salula dai a'a," in ji shi. "Ana tsakar kiran matattu, wani shi bugo daga Kwatano shina tambayar lafiyar akuyatai."

"In abin da ba a bugowa ne fa, Baba? Saurare kawai yake yi."

"Shina da baki?"

"Ba shi da baki. Huda ce gare shi ƴar ƙarama."

Ya daɗe yana juya ludayi cikin ƙwarya. Bai tambaye ni wa zan kai wa ba, ni ma ban faɗa ba. Can ya ce, "Baki anka hana. Kawo shi ran Laraba."

Autata Ummul tana Yamai, tana aiki a wani ɗan wuri da suke haɗa na'urorin ɗaukar murya don gidajen rediyon karkara. Ta aiko mini da ɗaya ta hannun direban mota. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba, da maɓalli guda da ƴar fitila kore. Saƙon muryarta ya biyo baya: "Baba, ka danna, ka aje, ka tashi. In ana magana ya ɗauka, in an yi shiru ya huta. Kada ka buɗe shi. Kada ka canza kome. Baba, ka ji na ce kada ka canza kome."

To, ga inda zan tona wa kaina asiri. Na buɗe.

Ba da mugun nufi ba. Ni dai ba a ba ni abu in karɓa ban duba cikinshi ba. Na sa farce na ɓalle murfin gefe, sai ga kart memwar, ɗan katin nan da ake zuba waƙa da wa'azi a salula. An rubuta 16 a jikinshi. Na ce a raina, tsohon da zai kira kakanni tun daga hantsi har la'asar, ina sha shida za ta ishe shi? Na nufi bakin tasha wurin Issa mai sayar da katuna.

Issa ya ɗaga katin sama ya yi tsaki. "Sha shida? Haba Alhaji, wanga ai maraƙi na. Ga bijimi." Ya zaro wani ja mai ƙyalli, an rubuta 128.

Munka ja, munka ja, har ya karɓi na Ummul na cika mishi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na taho ina jin na cuce shi.

Ran Laraba na sa shaddata ruwan ƙasa, na ɗaura rawani saboda iskar moto, na isa da hantsi. Na danna maɓalli, na aje akwati bisa tabarma kusa da gwiwar tsoho. Ya nuna mini ƙofa da haɓa. Baƙo ba ya zama wurin kiran gida, ga shi kuwa har sunana ma haka yake. Na koma can gindin wani gawo da ya fara sabon ganye, bayan dangar kara. Daga nan ba a jin magana, sai kukan goge sama-sama. Ya yi kamar ya ɗore, sai ya tsaya cak. Shiru. Shirun da za ka iya yin alwala ka yi raka'a biyu. Sannan goge ya sake tashi. Wata tsohuwa da ta kawo mini ruwa ta ce haka ake yi, in an kira mutum sai a ba shi wuri ya zauna kafin a kira na gaba.

Da la'asar anka miƙo mini akwatina, fitila na nan kore. Ko saurare ban yi ba. Na ce Hajiya ta aike ni, ita za ta fara ji.

Washegari na sa farar shadda mai aikin wuya, na fesa turaren da ta ce ba ta so. Hajiya ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai ni tsakar gidanta. An share, an shimfiɗa darduma ƙarƙashin dalbejiya, ga kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, a kwano mai murfi, ga lemu mai sanyi. Ta zauna nesa kaɗan, ta haɗa hannuwa bisa cinya. Na danna.

Goge ya taso. Muryar tsoho ta shigo daga tsakiya kamar wanda anka buɗe wa ƙofa yana cikin magana: "...wanda ya sare dajin da gatarin aro, ya kwana uku bai sha ba."

Hawaye ya zubo mata. Ni kuwa na gyara zama, ina jin kaina sarki.

Na biyu ya zo: "...mai rijiyar gabas, da ba a raba shi da sanda." Na uku: "...wadda ta ɗauki dami biyu da goyo."

Ta ɗago kai. "Tsaya. Ina sunayen?"

"Wane sunaye, Hajiya?"

"Suna ake fara kira, sannan kirari. Ina sunayen?"

Munka mayar baya, munka sake ji. Babu. Duk inda tsoho ya yi shiru ya dawo, farkon maganar ya ɓace, kamar an sa wuƙa an yanke. Kira talatin da wani abu, ko suna ɗaya babu. Ta dinga lissafi da yatsu tana gane waɗansu ta kirarinsu, har anka zo kan masu rai. Ƙannenta maza uku sunka wuce. Sai na ƙarshe: "...kaba mai tsiro a tudu, ruwan randa na nan an aje."

Goge ya tsaya. Shi ke nan.

"Ɗiya mata biyu gare shi," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ni da Muna da ke aure a Abala. Kira guda na ji."

"Wataƙila ke ce."

"Wataƙila. Da wataƙila na kwana shekara goma sha tara, Malam Baƙo. Ba ita na aike ka ka kawo mini ba."

Ta mayar da murfin kwanon kopto. Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na tura mata saƙo huɗu a ranar. Duk ta buɗe, na ga alamar, ko ɗaya ba ta amsa ba.

Sai na bugo wa Ummul na hau ta da faɗa. Na ce akwatinku na banza ne, ya kunyata ni gaban mace. Ta ce ba ya yiwuwa, ita da kanta ta gwada shi kwana uku. Na ce to ya yiwu. Ban ce kome game da Issa ba. Allah Ya yafe mini.

Ran Asabar ta sauka daga motar safe da jakar ordinater, wato kwamfuta, a baya, doguwar riga baƙa da ɗan hijabi ruwan zuma. Ko ruwa ba ta sha ba ta zauna bakin gadona ta ɓalle murfi. Ta zaro jan katin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Wannan ɗan wa ne?"

"Ai ya fi naki girma. Duba lambar."

"Ina nawa?"

"Yana wurin Issa."

Ta bugo wa Issa a gabana. Ya ce tun ranar ya cika shi da waƙoƙi ya sayar wa wani makiyayi da ya nufi arewa. Ta aje salula, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce.

"Baba, da a ce wani ya ba ka sa mai ƙaton ciki ba ka duba haƙori ba, me za ka ce mishi?"

"Bar tsiya ki gaya mini abin da ya faru."

Ta haɗa akwatin da ordinater, rubutu fari ya dinga gudu bisa baƙin allo. Ta sa yatsa a wani layi, ta sa a wani. Ta ce cikin akwatin akwai abin da suke cewa nwayo, wato ƙwayar manhajar, irin ta Linux, ita ke ba kowane sashe umarni. Akwai kuma wani ɗan sashe da aikinshi kawai kula da kati. Shi da katin ba su aiki sai da bugun agogo, bugu ɗaya taki ɗaya, sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido.

Na ce ban gane ba.

"Ka tuna gayyar noma a gonar Kaka? Makaɗi na kiɗa, manoma na tafiya da kiɗan?"

"Na tuna."

"To agogon shi ne makaɗin, kati shi ne manomi. In ba abin rubutawa, nwayo sai ta ce wa makaɗi ya aje ganga, don kada a ci batir a banza. Da magana ta taso sai ta ce ya ɗauka. Katin kirki, bugun farko ya sa hannu a aiki. Wanga naka kuwa, in anka aje ganga barci yake yi. Kafin ya farka ya gane inda ake, abin da anka fara miƙo mishi ya zube ƙasa."

"Abin da anka fara miƙo mishi kuwa..."

"Suna."

Na yi zaune. Ashe duk lokacin da tsoho ya ba mamaci wuri ya zauna, bijimina kwanciya yake yi.

"Ba su nan ciki ko a ɓoye? Ki tono."

"Ba su taɓa shiga ba, Baba."

Na ce to mu sayi wani katin. Ta ce duk na bakin tashar nan ba wanda za ta yarda da shi ba ta gwada shi kwana biyu ba, na kirki kuwa sai Yamai, ga tsoho ba lafiya. Abin da za ta yi shi ne ta hana nwayo tsayar da agogon kwata-kwata. Makaɗi ya yi ta kiɗa ko ana noma ko ba a yi. Amma da tsada. Muddin agogon nan na bugawa, sauran cikin akwatin ma ba ya samun hutu sosai. Batir ɗin da ke kai kwana biyu, yanzu in ya kai wuni guda a gode Allah.

Kafin ta taɓa kome ta ce mu gwada in gani da idona. Mu yi shiru minti uku, sannan in kira suna da ƙarfi in ƙara magana. Munka zauna muna kallon juna kamar masu zaman makoki. Ta ɗaga yatsa. Ni kuwa sunan da ke bakina ya fito: "Yalwa! Allah Ya huci zuciyarki!"

Ta kunna. "...huci zuciyarki."

Ta yi ƴan rubuce-rubucenta, ta kashe akwatin ta tayar, munka sake zaman shiru. Ta ɗaga yatsa, na sake. Wannan karon da ta kunna sai da ɗakin ya amsa: "Yalwa! Allah Ya huci zuciyarki!" Matar maƙwabcina da ke shanya a bayan katanga ta ce, "Amin, Malam Baƙo!" Kafin azahar Ummul ta tura wa yayyenta, sunka cika mini salula da hoton dariya.

Sau biyar munka gwada, sau biyar suna ya fito. Na bar ta tana cika batir, na hau moto da zafin ranar nan na koma ƙauye.

Tsoho na kwance, an jingina shi da buhun hatsi. Ya saurare ni har na gama.

"Ba a kiran su sau biyu don akwati," in ji shi. "Sun zo, sun zamna, sun tahi."

A sana'armu in mai kaya ya ce a'a, ba ka matsa mishi. Kuma in kayanka na da aibi, gara ya ji daga bakinka. Na ce, "Baba, ba laifin akwati ba ne. Ni na yi wayo." Na kwashe labarin Issa da bijimi na faɗa mishi, har da makaɗi da manomi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da anka ba shi ruwa.

"Ɗan birni! Kiɗa ya tsaya, ɗan gayya ya yi kwana. Na san irinsu, na yi noma da su."

Ya goge ido. Ya dubi dangar kara ya daɗe. Sannan ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ana sake kira in wani ɗan gida bai samu zama ba. Shi zo shi tsaya bakin ƙofa shi ce bai ji ba. Da bakinai."

Na san lokacin da mai kaya ya faɗi farashi. Na tashi na yi sallama.

Sai da na fito kan tudu inda salula ke samun rezo na tsaya na yi wa Hajiya saƙon murya. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce ni na canza kati, ni na ɓata, ga abin da Ummul ta gyara, ga kuma abin da tsoho ya ce, kalma da kalma. Na ga ta buɗe. Na zauna bisa moto, rana na dukana, ina kallon allo. An rubuta tana rubutu, ya ɓace. Tana rubutu, ya ɓace. Sannan ya shigo:

"Ni ba na hawa moto."

Na ce, "Gobe da safe mota za ta tsaya ƙofar gidanki."

Lahadi ce. Rabon da a ci kasuwar Baleyara ba ni tun rasuwar matata. Abokan sana'a sunka yi ta bugowa, na kashe salula. Na yi hayar mota, ni a gaba, Ummul da Hajiya a baya. Hajiya yau ba leshi, ba zari, ba sarƙa. Atamfa ce tsohuwa shuɗiya da farin mayafi, da tasbaha a hannu. Munka bar kwalta. Can ta ce, ba tare da kowa ya tambaye ta ba, "Sunayen iyayena za ni ji. Ba wani abu za ni bauta wa ba."

Ummul ta ce, "Haka ne, Inna."

Na ji wannan "Inna" ɗin, na yi kamar ban ji ba.

A bakin dangar Hajiya ta tsaya. An fito da tsoho rumfa, goge bisa cinya. Ta cire takalmi. Ta ce, "Baba, ban samu zama ba. Ban ji ba."

Bai ɗago kai ba. Yana murza igiyar goge ya ce, "Shigo. Kin tsaya cikin rana."

Ummul ta miƙa mata akwatin, ta nuna mata maɓalli. Mu biyu munka koma gindin gawo.

Ban taɓa jin wuni mai tsawon wannan ba. Duk lokacin da goge ya tsaya, Ummul ta dubi agogon hannunta. Ta ce da shirun nan ne batir ke hutawa, yau kuwa ci yake yi. Tsohon kuma kamar da gangan, shirun nashi ya fi na ran Laraba tsawo. Azahar ta yi, munka yi salla a nan gindin itace. La'asar ta yi, goge bai gama ba.

"Zai kai?" na tambaye ta.

"Baba, sau tara ke nan kana tambayata."

"To zai kai?"

"Masu rai ne a ƙarshe ko?"

"Su ne."

Ta sake duban agogon hannunta.

Rana ta yi ja sannan Yalwa ta fito. Idanunta sun kumbura, amma tafiyarta ta canza, kamar wadda ta sauke tulu. Ta miƙa wa Ummul akwatin. Ya yi zafi kamar dutsen guga, fitila ta koma ja tana ƙiftawa. Ummul ta yi maza ta sa mishi wayar caji ta mota, ta nemo ƙarshe ta kunna.

"Muna! Kurciyar bakin rijiya..." Munka jira. Goge ya sake tasowa. Muryar ta fito tsaf, tun daga harafin farko: "Yalwa! Kaba mai tsiro a tudu, ruwan randa na nan an aje."

Ummul ta buga tafi ta ce, "Kirarin ran Laraba ne! Ashe ke ce, Inna!"

Yalwa ta girgiza kai tana murmushi. "Da muna yara duk wadda ta fi kusa da shi ita yake wa wannan. Yau dai nawa ne."

Ni abin bai bar ni ba. Da na shiga yi wa tsoho sallama na durƙusa na ce, "Baba, tsakanina da kai. Ran Laraba, wa ka kira?"

Ya dube ni da ido ɗaya. "Tambayi bijiminka."

A hanya, dab da shiga Filinge, Hajiya ta yi gyaran murya. "Malam Baƙo, mu koma kan cinikinmu. Cewa na yi ka kawo mini. Ka kawo?"

"Ai ga ta nan a hannunki."

"Da ƙafata na je na ɗauko. Ciniki ya warware."

Direba ya dube ni, na dubi hanya. Gaskiyarta ce. In mai saye da mai kaya sunka zauna tabarma ɗaya, dillali sai ya kama gabanshi.

"Amma bencin shago na nan," in ji ta. "Kuma maganar aiko mutane, ba wurin ƙannena ba kuma. Ina da uba."

Ummul ta danna mini yatsa a kafaɗa ta baya.

Yanzu bari in yi muku hukuncin kasuwa, tunda shi na iya. Yalwa ta ci riba, ta samu uba da sunanta a kati, ta kuma koma ƙauye jiya da katifa da likita. Tsoho ya ci riba, ya samu ɗiyarshi bai taka ko ƙofar gida ba, kuma har yau ba wanda zai ce shi ya fara saukowa. Ummul ta ci riba, ta kwafe wa Yalwa kiran a wani kati, ta tafi da jan katin Yamai, wai za su koya wa nwayon akwatunansu ta riƙa gane irinshi, in ta gan shi kada ta tsayar da agogo. Issa ya yi hasara, don na zauna majalisa uku na ba da labarinshi, ko da yake a gaskiya rabin laifin nawa ne. Ni na yi hasarar kasuwar Lahadi guda da kuma girman da nike da shi a idon auta, wanda ban ga alamar zai dawo ba.

Sauran kuwa ban san ɓangaren da zan sa kaina ba tukuna. Na tara abokaina uku masu iya baki don su je nema mini auren, na ɗinka musu huluna, sai ga saƙo daga ƙauye yau da safe. Tsoho ya ce ran Alhamis in zo ni kaɗai. Ya ce shekara talatin ina yi mishi magana a madadin wasu, yana so ya ji yadda nike yi in kayan nawa ne.